Yadda Ake Daƙile Furosofis Domin Kare Itatuwanmu na Gado

Daga cikin baƙin tsirran da aka shigo da su ƙasashen Sahel da kyakkyawar niyya, daga baya suka zame wa jama'a ƙarfen ƙafa, da wuya a sami wadda ta kai bishiyar ƙayar nan da masana ke kira Prosopis juliflora, wato furosofis. Asalinta daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da arewacin Kudancin Amurka, kuma an yi ta dasa ta a Afirka saboda tana jure fari da ƙasa mai gishiri, tana saurin girma, tana kuma tare rairayi. An kai ta Sudan a 1917, amma a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a kawar da ita, bayan ta yi kaka-gida a filayen noman rani na Gash da Tokar da Sabuwar Halfa. A Nijar an dasa ta a ɗan fili kaɗan a gefen Tafkin Chadi a ƙarshen shekarun 1970 domin tsayar da tulin rairayi, sai ga shi a farkon shekarun 2000 an ƙiyasta ta rufe fiye da hekta 300,000 a inda ruwan tafkin ya janye. A yankin Afar na Habasha kuwa ta mamaye fiye da hekta miliyan 1 na wuraren kiwo.

Ɓarnar da take yi wa daji ta fi ƙarfin abin da ido ke gani daga bakin hanya. Saiwarta ta tsakiya tana nutsewa har mita 20 ko fiye ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, sauran saiwoyin kuma su bazu kusa da sama su shanye danshin da ciyawa da ƙananan itatuwa ke dogara da shi. Idan ta haɗe ta zama duhuwa, rana ba ta isa ƙasa, don haka ɗan gawo ko ɗan aduwa da ya tsiro ba ya kai labari, gamba da ƙyasuwa su ɓace, dabba kuma ta rasa hanyar zuwa mashaya. Ganyenta ba ya yi wa dabbobi daɗin ci, shi ya sa ake ganinta kore shar a tsakiyar bazara alhali sauran itatuwa sun sha sara da kiwo. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan yankin Bandiyagara na Mali, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana rayuwa da zaƙin furenta a lokacin rani, kuma da aka sare rassan da ke ɗauke da fure yawan sauron ya ragu da fiye da rabi.

A gane ta kafin a ɗaga gatari

Wannan mataki ba na rainawa ba ne, domin akwai itatuwan gida da wanda bai saba ba zai iya ɗauka ita ce. Furosofis tana da rassa masu lanƙwasa suna zubowa ƙasa, galibi da yawa daga gindi ɗaya, da ƙaya mai kauri biyu-biyu a kowace gaɓa, wadda kan kai santimita 5. Furenta dogo ne, tsawon ɗan yatsa, ruwan ɗorawa mai haske, kuma kwanson 'ya'yanta siriri ne mai launin kara idan ya nuna, yana da zaƙi a baki. Bagaruwa kuwa furenta a dunƙule yake, kwansonta mai duhu ne da ɗaci, shi ne wanda majema ke jima da shi. Ƙirya, wadda masana suka daɗe suna lissafa ta cikin dangin furosofis, ba ta da ƙaya ko ɗaya, kwansonta baƙi-baƙi ne mai kauri da tauri, kuma bishiya ce ta gado da ake sassaƙa turmi da ita, maƙera na son gawayinta, ana kuma yin daddawa da 'ya'yanta. Tana cikin itatuwan da ake wannan aiki domin a cece su, don haka ya kamata tsofaffin da suka san daji su riga masu sara shiga, su ɗaura tsumma ko su shafa fenti a jikin duk bishiyar gida da ke cikin duhuwar, komai ƙanƙantarta.

Ba kowace baƙuwar bishiya ce abokiyar gaba ba. Mangwaro da gwaiba ba 'yan asalin ƙasar nan ba ne, darbejiya ma daga Indiya ta zo, kuma ko da yake ita ma takan tsallaka daji idan tsuntsaye da jemagu suka kai 'ya'yanta, amfaninta a cikin gari ba a musunsa. Ma'aunin shi ne ko tsiro yana yaɗuwa da kansa har ya kori na gida.

Daga ina za a fara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara jama'a a nufi inda duhuwar ta fi kauri, saboda nan ne abin ya fi tsone ido. Ƙarfin mutane yakan ƙare a nan kafin a share ko hekta ɗaya, alhali a can gefe ɗaiɗaikun bishiyoyin da aka wuce suna zubar da 'ya'ya suna kafa sabuwar duhuwa. Abin da ya dace shi ne a zagaya yankin da ƙafa tare da manoma da makiyaya, a raba shi gida uku: inda furosofis ba ta iso ba tukuna, inda take ɗaiɗai ko cikin ƙananan rukuni, da inda ta riga ta haɗe. Wuri na farko gadi yake buƙata, na biyu shi ne fagen aiki na gaske, na uku kuma a tare shi daga gefe kada ya ƙara faɗi, sannan a riƙa cin sa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfi. Wanda ke da waya mai nuna taswira yana iya ajiye alamar kowace bishiya da aka gani, amma zane a takarda da sunayen wuraren da kowa ya sani ya wadatar.

A cikin wuri na biyu ma akwai fifiko. Bishiyar da ke bakin burtali, ko kusa da rijiya da mashaya, ko a saman rafi inda ruwan damina zai kwashi 'ya'yanta ya gangara da su fadama, ta fi hatsari nesa ba kusa ba, don haka ita ce ta farko. Bayanta sai wadda ke kusa da kurmi ko wani yanki da gawo, magarya, kurna, dakwara ko goruba suke da sauran ƙarfi. A nan ne karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi take da ma'ana ta zahiri, domin furosofis takan fara fure tun tana da shekara 2 zuwa 4, kuma abin da yaro zai tuge da hannu bana sai an sa magidanta da diga baɗin baɗaɗa.

Kafin a fara, a nemi yardar dagaci ko mai unguwa, a sanar da ardo, a kuma sami izinin jami'an gandun daji, musamman idan filin na gwamnati ne ko kuma za a yi gawayi. A yanke tun farko wa zai ɗauki itacen da aka sare, wa kuma zai kula da filin bayan an share, domin rashin yanke wannan magana shi ne ke mayar da gayya rigima.

Sara kaɗai ba ya kashe ta

Duk wanda ya taɓa sare furosofis a daidai gwiwa ya koma bayan wata biyu ya san abin da ke faruwa: kututturen yakan fito da toho goma ko fiye, masu ƙaya sabuwa, kuma bishiyar da da ake iya wucewa ta ƙarƙashinta ta koma sarƙaƙiyar da ko akuya ba ta ratsawa. Dalili shi ne idanun toho suna nan a gindinta, a daidai mahaɗar kututture da saiwa, wasunsu a ƙarƙashin ƙasa. Muddin wannan mahaɗa tana nan, an yi aikin baban giwa.

Ga tsiron da bai wuce shekara ba, tugewa da hannu ta isa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa sosai, lokacin da saiwar ke fitowa gaba ɗaya ba tare da ta tsinke ba. A kama shi daga can ƙasa da hannu mai safa ta fata ko tsumma mai kauri, a ja a hankali a miƙe. Wanda ya kai kaurin ƙotar fartanya sai a haƙa kewayensa da dagi ko diga, a yanke saiwar aƙalla santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin ƙasa, a fitar da gindin, a mayar da ƙasa a ramin.

Babbar bishiya ta fi cin lokaci. A fara da sare rassan ƙasa da adda mai dogon hannu, ana janye su gefe guda da sanda mai ƙugiya domin a sami wurin tsayawa, sannan a kayar da ita a bar kututture mai ɗan tsawo, kamar zuwa ƙugu, domin zai zama abin riƙewa a girgiza idan an zo cirewa. Daga nan a haƙa rami kewaye da gindin, a sare saiwoyin gefe ɗaya bayan ɗaya da gatari, har a iso babbar saiwar da ta nutse, a yanke ta kimanin santimita 30 a ƙasa da fuskar ƙasa. Saiwar da ta rage a can ciki ba ta cika sake fitowa ba idan an cire mahaɗar. Inda ƙasa ta yi tauri har haƙa ya gagara, ana iya tone gindin kaɗan, a tara busassun rassa da busasshen kashin shanu a kan kututturen, a kunna wuta ta ci a hankali har ta dafa mahaɗar, mutum na tsaye a wurin har ta mutu. Wannan dabam yake da cinna wa daji wuta, wanda bai kamata a yi ba ko kusa: gobarar daji tana kashe 'ya'yan itatuwan gida da ciyawa, ba ta cika kashe babbar furosofis ba, kuma takan bar fili fetal wanda irin da ke kwance a ƙasa zai riga kowa cikawa.

Akwai maganin feshi da ke kashe kututture, kuma wanda aka fi amfani da shi a ƙasashe da dama shi ne mai sinadarin tirikilofir. Ana shafa shi da burushi a kan yankan nan take, kafin fuskar itacen ta bushe, a tabbatar ya rufe gefen da ke kusa da ɓawo. Ra'ayina shi ne a bar shi ga wuraren da haƙa ba zai yiwu ba, kamar bakin madatsa ko gangaren da ƙasa za ta zaizaye, kuma a yi shi ƙarƙashin kulawar malamin gona, da safar hannu da takunkumi, nesa da rijiya da tafki. Fesa magani a kan ganye daga sama bai dace da dajin da ake son karewa ba, domin ba ya bambanta furosofis da bagaruwa.

Ƙayar tana huda silifa da tayar babur da ta amalanke, kuma raunin da take yi yakan kumbura ya yi ruwa. Masu aiki su sa takalmi mai kaurin ƙasa, a wanke duk wani rauni da ruwa da sabulu nan da nan, wanda ƙaya ta shige shi sosai kuma ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Rassan da aka sare a tara su wuri guda su bushe. Kada a yi shingen gona da reshen da ke ɗauke da 'ya'ya, domin ta wannan hanya ce ta shiga gonaki da yawa.

Hanyar iri ita ce babbar magana

Ko an tuge kowace bishiya a fili, aikin zai lalace idan ba a toshe hanyar da iri ke shigowa ba. Ƙwayar furosofis tana da ɓawo mai tauri wanda ke sa ta kwanta a ƙasa shekaru ba ta lalace ba. Awaki, tumaki, shanu, raƙuma da jakuna suna son kwanson saboda zaƙinsa, ƙwayar kuma tana ratsa cikinsu lafiya lau, ta fito ɓawonta ya yi laushi, tana cikin taki, a shirye take ta tsiro da ruwan farko. Wanda ya duba makwancin garke a wurin da dabbobi suka ci furosofis da rani zai ga tsirrai sun fito cunkus daga kashin awaki bayan an yi ruwa biyu ko uku.

Saboda haka dabbar da ta yi kiwo a cikin duhuwa lokacin zubar 'ya'ya a tsare ta a turke ko a wuri guda aƙalla mako ɗaya, ana ba ta harawa ko dusa, kafin a kai ta dajin da ake karewa, sannan a riƙa lura da wannan makwanci ana tuge abin da ya fito. Takin da aka kwaso daga irin wannan wuri ma kada a watsa shi a gona ko a kai shi wurin renon itatuwa sai an tabbatar za a bi shi da cira. Wannan ba abu ne da za a tilasta wa makiyayi da tsawa ba, tun da a ƙarshen rani kwanson furosofis na iya zama abincin da ya rage wa dabbarsa. Amma shi ma yana da dalilin ba da haɗin kai, domin dabbar da ta daɗe tana cin kwanson zalla takan sami ruɓewar haƙora da ciwon muƙamuƙi har ta kasa tauna. A Kenya, inda ake kiran bishiyar matenge, mutanen Ilcamus na yankin Baringo sun kai gwamnati ƙara a 2006, har suka shiga kotu da akuyar da haƙoranta suka zube a matsayin shaida.

Mafita mai amfani ga kowa ita ce a tsince kwanson kafin dabbobi su ci, a shanya ya bushe ƙarau, a kai injin niƙa a niƙe shi har ƙwayar ta farfashe. Idan garin ya fito da ƙwayoyi ɗungurungum, a tankaɗe a sake niƙawa, domin ƙwayar da ba ta fashe ba tana nan da ranta. Garin abinci ne mai kyau idan an gauraya shi da dusa ko ƙaiƙayi, kuma abin da ya fi aminci shi ne kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da dabba ke ci a rana. Mata da yara kan iya samun ɗan kuɗi daga tsintar, kuma kowane buhu da ya shiga inji dubban ƙwayoyi ne da ba za su tsiro ba.

Kada a bar filin a buɗe

Ƙasar da aka share aka bari haka nan furosofis ce za ta fara komawa cikinta, domin irinta ne ya fi yawa a wurin. Idan gona ce, a nome ta a shekarar, tun da noman fari da maimai suna kashe tsirran da suka fito. Idan daji ne ko wurin kiwo, a watsa irin gamba, ƙyasuwa ko burburwa da farkon damina, a kuma hana kiwo na damina ɗaya ko biyu har ciyawar ta kama. Inda ƙasa ta zama faƙo, ramukan rabin wata da tassa, wato ƙananan ramukan shuka, waɗanda manoman Nijar suka saba da su, suna tare ruwa su ba iri damar tsira.

Game da itatuwa, kafin a sayo dashe a duba abin da ke nan. Sau da yawa akwai kututturen kalgo, sabara, magarya ko gawo masu rai a ƙarƙashin duhuwar, waɗanda za su yi toho da zarar sun ga rana. Hanyar sassaben zamani da ta faro a jihar Maraɗi a shekarun 1980, wadda aka ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a Nijar, ita ce ta dace a nan: a zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran, a riƙa gyara rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Irin wannan toho yana da tsohuwar saiwa mai zurfi, don haka ya fi dashe jure fari. Inda babu kututture ko kaɗan sai a shuka irin gida, kuma 'ya'yan gawo da bagaruwa sun fi saurin tsirowa idan an ɗan kankare ɓawonsu ko an jiƙa su a ruwan zafi kafin shuka.

Gawayi da iyakar amfaninsa

Itacen furosofis yana ba da gawayi mai kyau, kuma ana yawan cewa kasuwar gawayi kaɗai za ta magance ta. Ban yarda da wannan ba sai da sharaɗi. Mai gawayi yana son babban itace, ya sare a sama ya wuce, ya bar kututturen da zai ba shi wani itacen baɗi. Idan kuma kasuwa ta buɗe, ba a daɗewa sai a ga ƙirya da marke sun shiga ramin gawayi da sunan furosofis. Gawayi yana taimakawa ne idan an ɗaure shi da ƙa'idar cewa ba a ɗaukar itace sai an nuna gindin da aka tono. Haka aka yi a gandun tsuntsaye na Keoladeo a Indiya daga 2007, inda aka bar mutanen ƙauyukan kewaye su kwashi itacen kyauta bisa sharaɗin su cire shi har saiwa, kuma filin ya buɗe wa itatuwan asali, ko da yake sai da aka ci gaba da bibiyar sababbin tsirrai.

Akwai kuma wuraren da cire ta gaba ɗaya zai fi barinta illa, kamar tulin rairayin da ita kaɗai ke riƙe shi a bayan gari. A irin wannan wuri a rage ta maimakon a share: a bar bishiya ɗaya a kowane taku takwas zuwa goma, a gyara ta ta tashi da gangar jiki ɗaya, a tsince 'ya'yanta, a dasa na gida a tsakani, idan sun kama sai a cire ta a hankali.

Duk filin da aka share yana buƙatar a zagaya shi sau biyu a kowace damina, sau ɗaya makonni kaɗan bayan saukar ruwa, sau ɗaya kafin kaka, ana tuge sabon tsiro ana duba kututturen da ya yi toho. Shekara ta farko da ta biyu tsirran kan fito da yawa har mutane su karaya, amma yawansu yana raguwa muddin ba a bar ko ɗaya ya kai ga fure ba kuma ba a shigo da sabon iri ba. A sa aƙalla shekara 5 a cikin lissafi, a raba filin ga gidaje ko unguwanni da sunansu, a kuma ajiye wani kaso na kuɗin gawayi da na garin kwanso domin sayen diga, gatari da takalman masu bibiya.